Tsohuwar takardar gona da QGIS: kar ka tsaya a zane kawai

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar takardar cinikin gona a ƙasar Hausa ya san babu wata lambar GPS a ciki. Abin da za ka tarar shi ne gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da burtali, kudu da rafi, arewa da kukar bakin hanya, sai sunan mai sayarwa da mai saye da shaidu da hatimin dagaci, wasu ma da ajami aka rubuta su. Kwanakin nan ina ta shigar da irin waɗannan takardu na gidanmu cikin QGIS, manhajar taswira ce da ake saukewa kyauta, kuma gaskiya abin da nake so 'yan uwa su gane shi ne zana filin a kan hoton tauraron ɗan adam ba shi ne aikin ba, aikin shi ne kwashe abin da takardar ta faɗa ka liƙa wa zanen.

Kowane fili ka zana yana da jadawalinsa, to a nan nake buɗe gurbi huɗu na maƙwabta, gabas yamma kudu arewa, in rubuta sunan yadda yake a takardar ba tare da na gyara ko harafi ba. Wallahi wannan gurbin ya fi komai amfani. Domin kukar nan ta iya faɗuwa, rafi ya canza hanya, burtali kuwa Allah Ya sani ko manoma sun cinye shi tuntuni, amma idan takarda ta ce yamma gonar wane ce, sannan ka sami wata takardar ta shi wanen da ta ce gabas gonarku ce, shi ke nan sun kama juna kamar zaren saƙa, ɗaya ta zama shaidar ɗaya, kuma da haka za ka ga fegi-fegi suna zama a mazauninsu ko da babu awo ko ɗaya. Akwai wata gonarmu da aka ce ta yi iyaka da tsamiya, muka je da Kawu babu tsamiya babu alamarta sai ya sa ƙafa ya share ƙasa ga kututturen nan baƙi ƙirin, na ɗauki lambar wurin da waya, na rubuta a jadawali cewa Kawu ne ya nuna, ba takarda ba.

Wani gurbin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne irin mu'amalar. Saye ne, gado ne, kyauta ce, aro ne ko jingina? Rigingimu da yawa da suke kai 'yan uwa gaban alƙali daga nan suke tasowa, kaka ya jinginar da gona jikoki suka taso suna zaton an sayar, ko jikokin wanda ya karɓi jinginar su ce saye kakansu ya yi. In takarda ta ce jingina, rubuta jingina.

Kwanan wata kuma ka bar shi yadda yake, in na Hijira ne ka sa shi haka sannan ka buɗe wani gurbin na Miladiyya. Haka kuɗi, in fam da sule ne kar ka mayar naira, ai naira sai a 1973 ta shigo, don haka kuɗin kansa yana gaya maka zamanin takardar da babu kwanan wata a jikinta. Sunan wuri ma haka, takarda za ta ce Lardin Kano alhali garin yau yana Jigawa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, ko ta ambaci En'e, wato tsohuwar hukumar mulkin gargajiya, wadda gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshenta. Sa tsohon suna, sa na yanzu.

Su kuma filayen da safiyo ya auna suna da nasu tarkon. Tsofaffin zanen safiyo a Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, wato tsohon tsarin lissafa lambobin wuri na ƙasar, wayarka da Google Earth kuwa wani ma'aunin daban mai suna WGS 84 suke amfani da shi, in ka zuba lambobin ba ka gaya wa manhajar ba fili zai goce da mita gomomi, ka ga gidanka ya hau kan titi. Kano tana cikin shiyya ta 32 ta UTM, wato tsarin taswira da ya kasa duniya shiyya-shiyya. Ka duba ko da ƙafa aka auna ko da mita, ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, hekta ɗaya kuma wajen eka 2.47. Lambobin turakun siminti ka kwafe su duka.

Sai dai don Allah kar wani ya ɗauki taswirar kwamfutarsa ya ce ya mallaki fili. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar mallaka kuma sai ta bi ta hukuma, irin su hukumomin filaye na KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna. Ni dai a kowane fili ina da gurbi na ƙarshe da nake rubuta daga ina iyakar ta fito, awon safiyo, lafazin takarda, ko bakin dattijo, sannan in haɗa hoton takardar gaba da baya, saboda sau da yawa a bayanta ake ƙara sunayen shaidun da suka zo daga baya.