Yau aka yanke maganar masaukinmu na Makka

Asabar, bayan sallar isha'i.

Tun bara Yaya ya ƙudiri niyyar kai Umma Umra. Da muka ga hutun makaranta na Disamba ya zo daidai, kuma lokaci ne da zafin Makka ke sassautawa, sai aka ce a haɗa da yara a tafi gaba ɗaya: ni da maigida da yaranmu uku, Yaya da matarsa, sai Umma. Biza da tikiti sun zo da sauƙi, alhamdulillah. Unguwar da za a sauka ce ta tsaya mana a wuya, kullum ana ta ja-in-ja a zauren WhatsApp na gida ba a cimma komai ba. Shi ya sa muka ce yau a haɗu a ɗakin Umma a gama magana.

Yaya ya iso da hantsi, riƙe da takardar da ejan ya ba shi. Unguwanni uku ne a ciki: Aziziyya, Ajyad da Misfala. Otal-otal ɗin da ke cikin dogon benen agogo da na Jabal Umar ko tattauna su ba mu yi ba, kuɗin mutum takwas a can ya fi ƙarfinmu.

Shi Yaya Aziziyya yake so, kuma yana da hujja. Ɗakunan can manya ne, akwai masu falo da kicin, sannan kuɗin bai kai na kusa da Harami ba ko kaɗan. Unguwa ce ta mutanen gari, ga manyan kantuna, ga gidajen abinci, ga asibitoci, titunan kuma a buɗe. Ya ce da rarar kuɗin sai mu ƙara kwanaki a Madina. Matarsa ta goyi bayansa saboda kicin ɗin, ta ce a ƙalla za a riƙa dama wa Umma kunu da safe.

Na ce, "Yaya, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ka tuna duwatsu ne tsakanin Aziziyya da Harami."

Wannan shi ne abin da takardar ejan ba ta nunawa. An rubuta cewa akwai motar otal kyauta dare da rana, to amma motar ta ramin da aka huda cikin dutse take bi, ta sauke mutum a tasha, daga nan ya ci gaba da ƙafa. Idan lokacin sallah ya gabato ana rufe hanyoyin da ke kewaye da masallaci, wanda bai fito da wuri ba sai ya yi sallarsa a unguwa. Dawowa kuma ta fi wuya. Na taɓa tsayawa a irin wannan tashar bayan isha'i, na ga yadda jama'a ke dafe ƙofar bas tun bai gama tsayawa ba. Ni da ƙarfina sai da na bari motoci suka wuce kafin na samu shiga. To ina ga Umma, da gwiwarta ba ta barinta ta hau matakala biyu sai an riƙe ta, ga keken da za a naɗe a ɗaga, ga 'yar autata da ba ta cika shekara huɗu ba? Aziziyya ta dace da mai aikin Hajji saboda tana maƙwabtaka da Mina. Mu kuwa Ka'aba muka je gani, kuma idan muka sauka can, na san ƙarshenta Umma sau ɗaya za ta riƙa fita a yini, sauran sallolin a ɗaki. Matar da ta shekara tana ƙirga watanni ba za mu kai ta Makka ta yi sallah a ɗakin otal ba.

Yaya ya yi shiru, sannan ya ce to a duba Ajyad, tunda a taswira otal ɗin bai kai rabin kilomita daga masallaci ba. Ni ma da farko raina ya kwanta da shi. Sai maigida ya kawo shawarar da ta warware komai: a kira ɗan ƙanwar Umma da ke karatu a Makka, a tura masa wuraren biyu, na Ajyad da na Misfala, ya je ya taka da ƙafarsa muna kallo ta waya.

Allah ya yi wa yaron nan albarka. Bayan ya yi la'asar ɗinsu ya kira mu ta bidiyo, muka jingina wayar da fulas ɗin shayi muka kewaye ta. Ya fara daga harabar masallaci ya nufi otal ɗin Ajyad. Farkon hanyar lafiya lau. Da ya karya kwana sai titin ya miƙe sama, har muna jin numfashinsa ya sauya. Can sai ga wani saurayi yana gangarowa da tsoho a keke, ya juya da baya, ya turje ƙafafunsa a kwalta yana saukowa taku-taku don kada keken ya ƙwace masa. Tsohon ya damƙe hannayen keken gam. Umma ta matso da fuskarta kusa da wayar ta kalla sosai, ta ce, "A'a, wannan hawan ba nawa ba ne." Ba wanda ya sake ambaton Ajyad. Ba duk unguwar ce haka ba, akwai otal-otal a bakin titi da ke kan shimfiɗe, amma wanda kuɗinmu ya kai yana kan tudu, kuma taswira tsawon hanya kawai take aunawa, ba ruwanta da hawa da gangara.

Daga nan ya koma ya kama titin Ibrahim Khalil, wanda ya tashi daga harabar masallaci ta gefen benen agogo ya yi kudu cikin Misfala. Duk wanda ya san alhazanmu ya san sunan nan. Sai dai Misfala doguwar unguwa ce, idan ejan ya ce maka "a Misfala yake" bai gaya maka komai ba, don ana iya ajiye ka can ƙasa wajen Kudai, inda sai ka nemi mota. Namu yana sama-sama, kaɗan bayan filin nan da tattabaru ke taruwa. Yaron ya yi tafiyar cikin kusan kwata na awa ba tare da sauri ba. Ya fi na Ajyad nisa, amma hanya ce miƙaƙƙiya, babu tudun da zai sa mai tura keke ya yi nishi. Da keken Umma da yara na ƙiyasta mana rabin awa, kuma na yarda da hakan.

Ina kallon gefen titin yayin da yake tafiya. Kantin magani, masu canjin kuɗi, shagunan dabino da jallabiya, wurin wanki da guga, ƙananan kantunan da za a sayi madara da burodi da tsakar dare. Babban ɗana da ya ga tattabarun sai ya ce shi dai nan yake so. Ɗan ƙanwar Umma kuma ya ce mana ba a rasa mata masu sayar da tuwo da shinkafa a lungunan unguwar, in kuma an so cikakken abincin gida sai a hau tasi zuwa Shara Mansur, inda Hausa ake ji ko'ina. Umma ba ta iya kwana biyu a jere tana cin shinkafar Larabawa, don haka wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu.

Misfala tana da nata aibin, kuma na faɗa a gaban kowa don kada a je a ce ban faɗa ba. Cunkoso ne dare da rana, gine-ginen da yawa tsofaffi ne, ɗakunan ƙanana, kuma babu kicin. Matar Yaya ba ta ji daɗin wannan ba, na kuma fahimce ta. Mun tsaya a kan za mu tafi da garin kunu, a yi amfani da butar lantarki.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne yara. Mai ƙananan yara yana bukatar masaukin da zai iya komawa da rana, a yi wanka, a yi barci, a sake fitowa da magariba, ba tare da an jira mota ba. Sannan idan wani ya ɓace wa ɗan'uwansa a cikin taro, hanyar ɗaya ce, ga benen agogo da ya haura mita 600 ana hango shi daga ko'ina, sai ka ba shi baya ka miƙe. Na riga na fara koya wa manyan biyun haka. Ita kuma Umma, ɗawafi na jiranta, ga sa'ayi tsakanin Safa da Marwa da ya kai kusan kilomita 3 in an haɗa zuwa da dawowa bakwai. Akwai kekunan lantarki da ake haya a benen masallaci, za mu kama mata, amma duk da haka ɗan ƙarfin da take da shi gara ta kashe shi a cikin Harami, kada hanya ta cinye.

Kafin magariba Yaya ya kira ejan a gabanmu. Na rubuta masa tambayoyin a bayan takardar, yana karantawa ɗaya bayan ɗaya: akwai matakala a ƙofar shiga ko keke na iya wucewa, lif nawa ne a ginin, banɗakin na zama ne, za a ba mu ɗakuna a hawa ɗaya. Na dage a kan a rubuta sunan otal ɗin ƙarara a yarjejeniya, a cire "ko makamancinsa" da aka maƙala a ƙarshen layi, don ta wannan ƙofar ake sauya wa mutane masauki bayan sun sauka Jidda. Ejan ya ɗan ja, daga baya ya amince. Kuɗin ya haura abin da Yaya ya tsara, ni da maigida muka ce za mu cike gibin, a rage tsaraba.

Da Yaya zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kin yi gaskiya, don ita za a yi tafiyar." Umma ta bi mu da addu'a har muka fita.

Maganar Madina sai mako mai zuwa. Ita da sauƙi, kewayen masallacin Annabi (SAW) a shimfiɗe yake, abin da zan nema kawai shi ne ɓangaren arewa, kusa da ƙofofin mata. Gobe in Allah ya kai mu zan kai keken Umma a duba tayar hagu da ke karkacewa, in kuma auna faɗinsa in tura wa ejan ya tabbatar zai shiga ƙofar banɗakin.