Tambayar da harshena ya ƙi ɗauka

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a Kano, rana ɗaya shugabar makaranta ta kira ni ta ce daga yau ni ce malamar ba da shawara. Ban karanci fannin ba. Yara ne dai suke sakewa da ni, kuma babu mai son aikin. Ofishin da aka ba ni tsohon sito ne, har yanzu karyayyun kujeru na jibge a lungu.

A 2024 aka tura mu bitar kwana biyu kan lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai. Likitan da ya jagoranci bitar ya zaunar da mu bibbiyu, ɗaya a matsayin ɗaliba ɗaya malama, ya ce malamar ta yi tambaya ba kwana-kwana: "Kina tunanin kashe kanki?" Wallahi bakina ya yi nauyi. Wadda aka haɗa ni da ita ta ce a'uzubillahi, ta gyara mayafi. Likitan ya ce tambayar ba ta shuka tunanin a zuciyar da babu shi, wadda kuwa take ɗauke da shi sau da yawa sauƙi take ji don an lura da ita.

Mu me muka saba? Yarinya ta daina cin abinci, ta rarraba wa ƙawaye kayanta, ta ce ta gaji da duniya, sai mu ce ta yi istigfari, ko a kira mai ruƙiyya. Ban raina addu'a ba, ni ma da ita nake kwana. Amma ciwon damuwa ciwo ne, mai zazzaɓi ma ana masa addu'a ana ba shi magani.

Wani malami ya tambayi batun doka. A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma a lokacin bitar, sashe na 231 na kundin laifuffukan Arewa yana nan: yunƙurin kashe kai laifi ne, ɗauri har shekara ɗaya ko tara. Ghana ta soke irinta a 2023. Uwar da ta san a nan ana iya ɗaure 'yarta, ta yaya za ta buɗe baki?

Wata uku bayan bitar na yi tambayar da gaske, ga wata 'yar aji biyar da ta zauna a sitona tana murza gefen hijabi. Ta daɗe shiru, sannan ta gyaɗa kai. Ban bar ta ita kaɗai ba. Na tambaye ta wa take so a kira, ta ce gwaggonta.

Da na ambaci asibiti, gwaggon ta dafe ƙirji. "Malama, Dawanau fa? Wa zai aure ta?" Asibitin masu taɓin hankali da ke Dawanau take nufi. Na ce ganin likita za a yi a dawo gida, kuma a kulle duk wani magani da ke gidan. Ranar Talata muka shiga adaidaita sahu mu uku, yarinyar a tsakiya.