Mako Shida a Kumartuli

Lokacin da nake karatun zane a Indiya, na yi mako shida a Kumartuli, unguwar maginan laka da ke arewacin Kolkata, gab da kogin Hugli. A nan ake gina siffofin Durga, allahiyar da Hindun Bengal ke kira Ma, wato uwa, domin bikinta na shekara-shekara. Ni Musulmi ne, kuma tun ranar farko na faɗa wa mai rumfar cewa aikin hannu na zo koya, ba bauta ba. Ya ce to, ya miƙo mini igiya.

Ashe laka ce ke zuwa daga baya. Gora da katako ake fara kafawa, sannan a ɗaure bambaron shinkafa da igiyar jut, mai kama da ta rama, har ƙugu da kafaɗu su fito. Durga hannu goma gare ta. Aka ba ni ɗaya, na ɗaure shi sakwa-sakwa don ina ɗokin in kai ga laka. Muka shafa ta farko, mai danƙo, wadda ake kwaɓawa da ƙaiƙayi. Kwana uku, sai tsaga ta taso daga kafaɗa har gwiwar hannu. Dattijon mai rumfar bai yi faɗa ba. Ya kama yatsana ya danna wurin, na ji bambaron yana lotsawa a ƙarƙashi. Da hannuna na kwance shi. Tun daga ranar ba na shafa komai sai na matsa ɗaurin na ji shi kamar dantsen mutum.

Damina ce, laka ba ta bushewa. Haƙuri na biyu ke nan. Sai ta sha iska ake bi da laka mai laushi, a liƙa ƙyalle a kan tsaga, a manna fuska da yatsun da aka fitar daban.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu abin da magini ke sawa don ganin dama. Mashi mai baki uku da ke hannunta na Shiva ne, faifan yaƙi na Vishnu, dukansu allolin Hindu, zaki a ƙarƙashinta, Mahishasura, aljanin da take yaƙa, yana fitowa daga jikin ɓauna. A gefe Lakshmi da Saraswati da Ganesha da Kartik, waɗanda a Bengal ake ɗauka 'ya'yanta. Fuskarta kuwa a natse, duk da tana tsakiyar yaƙi. Idanu bisa al'ada ranar Mahalaya, kamar mako guda kafin bikin, ake zanawa, kuma aikin babba ne. Ni dai na koma gefe.

Ba a gasa wannan laka, domin ranar Dashami, ranar ƙarshe ta bikin, kogi za a mayar da ita. Na tsaya a bakin ruwa ana ta kiɗa, ina neman hannun da na ɗaure cikin goman, har ruwa ya rufe kafaɗar.