Tankar da ke bayan Kaka

Asabar, Kumasi.

Yau ban leƙa Magazin ba, unguwar makanikai da masu walda inda shagona yake. Tun jiya na ce wa yaran shago su ƙarasa waldar bodin motar katakon nan su kaɗai, domin ƙanena da ke Hambog ya ce da azahar zai shiga kantin da ake sayar da kayan haɗin ƙananan tankokin yaƙi na roba. Gobe Lahadi kantuna a rufe suke a Jamus, jibi yana wurin aiki, Talata kuma jirginsa zai taso. In ban tsai da magana yau ba, sai wata shekarar.

Shekara takwas ke nan ina wannan abu. Kwali ne ake saya, a ciki akwai gutsattsarin roba ɗaruruwa manne a jikin firam. Ka yanko su ɗaya bayan ɗaya, ka goge bakinsu, ka liƙa da gam, ka yi fenti, har tankar yaƙi ta fito a tafin hannunka. Ma'aunin da nake bi shi ne 1/35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa a duniya: kowane santimita ɗaya a teburina santimita 35 ne a jikin ƙarfen gaske. Na haɗa guda tara zuwa yanzu. Ta goman ce nake so ta zama wadda ke tsaye bayan kakana a hotonsa na soja a ƙasar Bama (Burma), lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ita ce ta hana ni barci wata biyu.

Abin da ke wayata hoton hoto ne, dishi-dishi. Na asalin yana hannun Gwaggo a Aboabo. Don haka da na sha koko da ƙosai sai na ari gilashin maƙwabcina mai gyaran agogo, na riƙo hannun autana, muka hau firagiya, babur ɗin haya mai ƙafa uku.

Mun tarar da ita tana tsince wake a tsakar gida. Bayan mun gaisa ta sa aka jawo adakar daga ƙarƙashin gado, ta warware tsumma biyu kafin hoton ya fito. Bai kai faɗin tafin hannu ba, gefensa ya ci, ya koma ruwan ƙasa. Maza biyar ne a tsaye, Kaka na biyu daga hagu, da hula mai faɗin baki an naɗe gefe ɗaya, da adda a ƙugu. Bayansu tankar ta cika hoton har kanta ya kusa taɓa bakin takardar.

Irin tankar ba a ɓoye yake ba. M3 ce ta Amurka, kuma duk wanda ya taɓa ganinta ba ya ɗaukarta da wata. Babbar igwarta mai bakin milimita 75 ba a sama take ba, a gefen dama na ƙirjin motar aka dasa ta, sai ƙaramar igwa mai milimita 37 a cikin hasumiyar da ke juyawa a can bisa. Gaggawa ce ta haifi wannan siffa. A 1941 Amurkawa ba su gama shirya hasumiyar da za ta ɗauki babbar igwa ba, yaƙi kuma ba ya jira, sai suka soke ta a ƙirji. Sun ƙera sama da 6,000 tsakanin 1941 da ƙarshen 1942, kafin tankar Sherman ta karɓe wurin. Matsalar ita ce M3 iri biyu ce a hannun sojojin Ingila. Wadda ta zo da hasumiyar Amurka suka sa mata suna Lee. Wadda suka sa aka yi mata tasu hasumiyar, mai faɗi, mai ƙusumbi a baya don rediyo ta samu wurin zama, ita ce Grant. Sunayen janar-janar biyu ne da suka gwabza da juna a yaƙin basasar Amurka. Lee tana da wani ɗan ƙoƙo a saman hasumiya mai ɗauke da bindiga, Grant ba ta da shi. A hoton wayata ban ga ƙoƙo ba, shi ya sa tun farko na ce wa ƙanena Grant zai sayo.

Na fita da hoton bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, na kafa gilashin a ido. Autana ya riƙe mini gefen takardar da yatsa biyu kamar yadda na koya masa. Abin da na fara gani kawunan ƙusa ne, jere reras a gefen kowane farantin ƙarfe, kowanne da ɗan inuwarsa. Ni mai walda ne, na san abin da wannan ke nufi. Faranti da aka ɗinke da ƙusa, idan abu mai nauyi ya dake shi daga waje, kan ƙusar kan tsinke ya yi ciki da gudu, ya zama harsashi na biyu ga mutanen da ke zaune a ciki. Saboda haka ne daga baya aka yi wasu da walda, wasu kuma da zubi gaba ɗaya. Tamu dai mai ƙusa ce. Na hau da gilashin sama a hankali. Hasumiyar siririya ce, ba ta baje ta cika rufin ba kamar ta Grant. A inda ƙoƙon ya kamata ya zauna akwai zobe, da murfi shimfiɗaɗɗe a buɗe. Nan gabana ya faɗi. A Bama an cire wa Lee da yawa wannan ƙoƙo an sa musu murfi maras tudu, domin tanka mai tsayin sama da mita uku ba ta bukatar ƙarin tsawo a cikin kurmi. Lee ce. Wata biyu ina kallon Lee ina kiranta Grant.

Sai na bi hancin babbar igwar. Dogo ne, ya wuce gaban motar, kuma babu dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗaura wa gajeren hanci a baki don daidaita nauyi. Wato cikin na baya-bayan nan take. Babu kuma farantan kare yashi a kan sarƙa irin na waɗanda suka yi yaƙin Gazala a hamadar Libiya a watan Mayun 1942. Komai ya zauna daidai da wurin. Lokacin da aka daina yayin M3 a Arewacin Afirka, a Bama ta samu aiki, domin tankokin Japan marasa kauri ne, kuma babbar igwarta tana fasa ramukan da sojojinsu ke ginawa da gungumen itace da ƙasa. A yankin Arakan na Bama, a watan Fabrairun 1944, irin waɗannan Lee ɗin ne suka tsaya wa sojojin da Japanawa suka yi wa ƙawanya har aka kai musu ɗauki.

Cikin murna na ce, "Gwaggo, na gano ta. Idan na gama zan sa Kaka a saman nan, ya fito da rabin jikinsa ta murfin."

Ta ajiye farantin waken. "Wa ya gaya maka Baba ya shiga wannan abu?"

Na ce ai ga shi a gabanta.

"A gabanta dai. Sun same ta a hanya ne, wani Bature ya ɗauke su. Baba ɗan dako ne, ɗana. Kansa ne motarsa."

Ta sake sa hannu a adakar ta ciro wani gwangwanin alewa da ya yi tsatsa. A ciki akwai ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, zarensa ya fara zazzagewa: māsu biyu gicciye a kan gammo. Na san alamar daga karatu, ban taɓa riƙe ta ba. Ta Runduna ta 82 ce ta Afirka ta Yamma. 'Yar'uwarta ta 81 gizo-gizo ne baƙi a kan rawaya, Ananse na mutanen nan, wanda mu muke kira Gizo. A duwatsun Arakan da kwarin Kaladan mota ba ta da hanya. Jirgi ke jefo kaya daga sama, dubban mutane kuma su ɗora a ka: harsasai, turamen igwa, rediyo, shinkafa, sannan su sauko da waɗanda aka raunata a kan makara. Da kawunan nan aka isa Myohaung a watan Janairun 1945, garin da barikin soja na Takoradi ke amsa sunansa har yau, kamar yadda barikin Burma Camp ke Ankara, babban birnin Ghana, na Uaddara kuma ke nan Kumasi don tunawa da yaƙin Habasha na 1941. Taken sojojin Gwalkwas, wato Ghana ta lokacin Turawa, ma da Hausa yake: Kullum Shiri.

Gwaggo ta ce tsakiyar kansa ba ta sake fitar da gashi ba har ya koma ga Allah, kuma duk damina wuyansa kan riƙe sai an gasa masa da ruwan zafi. Ita ce mai gasawar tun tana 'yar shekara tara. Na daɗe ina juya ƙyallen a hannuna. Na zo neman gaskiyar hancin igwa da kan ƙusa, alhali na shirya yi wa mutumin kansa ƙarya, in ɗauke masa kayansa in ba shi kujerar da bai taɓa zama a kai ba.

Mun yi azahar a masallacin unguwa. Muna fitowa waya ta yi ƙara.

"Yaya, ga ni a ciki. Na ɗauko Grant ɗin."

Na ce ya mai da ita. Ya yi shiru, sannan ya juya kyamara ya bi kantar da ni a hankali. Akwai tsohuwar Lee ta Tamiya, wadda tun shekarun 1970 ake buga ta, gutsattsarinta kaɗan ne, sarƙarta roba ce guda mai lanƙwasa, mutum zai iya gama ta cikin mako. Akwai na kamfanin Takom kala uku, ta farko, ta tsakiya da ta ƙarshe. Akwai na MiniArt, kamfanin Yukren, mai cikakken ciki har da injin da kujeru, sarƙarsa kuma ƙwaya-ƙwaya ake haɗa ta. Su MiniArt suna da wata da suka yi musamman a kan Lee ta sojojin Ingila, ita na fi so, amma babu ita a kantin, kuma mai kantin ya ce in an yi oda ba za ta iso kafin Talata ba.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ga Sherman nan an karya kuɗinta. Ita kowa ya sani. Wa zai gane?"

Na ce ni zan gane. Ban ji haushinsa ba, kuɗin Yuro da guminsa yake samu. Amma na taɓa sayen wata mai araha shekaru huɗu da suka wuce, zanen kwalinta kamar ka sa hannu ka taɓa. Da na gama na sa ma'auni, ta fi yadda ya kamata tsawo da kusan rabin santimita, ƙafafunta kuma sun ɗaga ta sama kamar an yi mata ƙari. Rabin santimita a teburina ya haura santimita 17 a jikin ƙarfe. A shago, in na bar irin wannan rata a ƙofar mota, mai ita ba zai karɓa ba. Tun daga ranar zanen kwali ba ya ruɗa ta. Lee tsawonta mita 5.64 ne, don haka dole ta fito santimita 16 da ɗan ɗoriya, faɗinta kuma ƙasa kaɗan da takwas.

Na sa ya karanta mini abin da ke gefen kowane kwali, ya kawo kyamara kusa da ƙananan hotunan. Ina riƙe da hoton Kaka a hannun hagu, waya a dama, Gwaggo na leƙowa ta kafaɗata. Mai cikakken cikin ta ja hankalina ƙwarai, sai dai gajeren hanci ne a zanenta, kuma ciki ba ya cikin hotona. Ta farko ta Takom ma haka. Ta ƙarshen ce ta zo da dogon hanci da jiki mai ƙusa. Na ce ita. Ƙoƙon saman ba zan liƙa shi ba, murfin kuwa in babu irinsa a kwalin zan yanka shi da kaina daga fallen roba. Na ƙara da kwalba biyu na koren fenti mai duhu da gam mai ruwa-ruwa, in jirgi zai yarda a ɗauko.

Sannan na ce ya tambayi mai kantin ko yana da 'yan sojojin roba na Afirka ta Yamma. Na ji su suna magana da Jamusanci. Mutumin ya duba kwamfutarsa, ya girgiza kai. Jamusawa cike da bango guda, Amurkawa, Rashawa, Ingilishi, har da Japanawa. Namu babu a kantinsa. Na ce ya sayo na Ingilishi masu kayan kurmi da hula mai faɗi. Fuska da hannu zan gyara su da ɗan ƙullin da muke cike lotsewar mota da shi.

Gwaggo ba ta bar mu mun tafi ba sai da muka ci tuwo da miyar ayoyo. Ta hana ni tafiya da hoton, kuma tana da gaskiya. Ta dai yarda na ɗauke shi sau shida a hasken la'asar, na ɗauki ƙyallen sau biyu. Da za mu fita ta ce in na gama in kawo mata ta gani tun idonta na aiki, ta kuma ce kada in manta Baba da hannun hagu yake tallafe kaya, domin na daman yana riƙe da adda.

A hanya autana ya tambaye ni ko Kaka ya yi harbi. Na ce abin da Gwaggo ta shaida shi ne ya ɗauki abin da ake harbin da shi, ya hau dutse da shi, ya sauko da mutane. Ya yi shiru har muka wuce Asawase.

Yanzu an yi isha, yara sun kwanta. Mutum mai matsakaicin tsawo santimita biyar yake zama a wannan ma'auni. Na yanki waya daidai haka na kafa a kan katako don in ga inda kansa zai kai a jikin tankar: da kyar ya wuce hancin babbar igwa. Na warware zaren tsohon buhu, na naɗa shi a kan tsinken ashana sau uku, na ɗiga gam. Na farko ya yi kauri, na biyu ya warware. Na ukun yana nan a kan murfin kwalba yana bushewa, gammo ne da bai kai ƙwayar wake ba. Akwatin harsasan da zai hau kansa sai gobe in Allah ya kai mu, in na samu siririn katako a wurin kafintan bakin layi.