Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rasit ɗin Gidan Waya

A makon jiya na tsaya inda Hajiya ta samu sauƙi har ta fara zama a tsakar gida. To, hutuna ya ƙare, sai batun komawa Italiya, kuma a nan gizo ke saƙa.

Lokacin da aka yi mini waya cewa tana asibiti, katin zamana, wanda mu a can muke cewa sojorno, ya riga ya mutu. Na cike takardun sabuntawa a gidan waya a Brescia, suka ba ni rasit, amma Questura, wato ofishin 'yan sandan da ke bayar da katin, kan ɗauki watanni. Doka ta yarda mutum ya je ƙasarsu ya dawo da abu uku: fasfo, tsohon kati da wannan rasit. Sharaɗin dai kada jirginka ya yada zango a wata ƙasar Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu a tsakaninsu. Shi ya sa na bar tikitin Faransa duk da arharsa, na yanki na Alƙahira.

A filin jirgi, yarinyar da ke kantar duba tikiti ta juya katin gaba da baya.

"Alhaji, wannan ai ya daina aiki. Ina bizarka?"

Na miƙa mata rasit ɗin. Wata 'yar takarda ce, ta sha ninki a aljihu har gefenta ya yi laushi, ga rubutun duk da Italiyanci. Ta dube ta kamar na ba ta rasit ɗin kuɗin wuta. Ban ga laifinta ba, don in aka dawo da fasinja daga Turai kamfaninsu ake ci tara. Amma layi ya taru a bayana, wata Hajiya har tana tsaki.

Yaya Babba da ya rako ni ya matso kusa, ya ce, "Ko dai mu koma gida ne?" Na ce Yaya, in na koma gida aikina ya tafi.

Shugabansu ya fito, ya ɗauki hoton takardun, ya shige ofis yana waya. Ana dab da rufe kanta ya dawo ya ce a auna kayana.

Na ɗauka shi ke nan. Da muka sauka Malpensa, filin jirgin Milan, ɗan sandan ya danna kwamfuta, ya sake dannawa, ya tattara takarduna uku ya nuna mini wani benci a gefe.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.