Gidan da ya shigo tsakiyar da'ira

Laraba da dare. Na wanke burusai na jera su a bakin taga, amma har yanzu akwai shuɗin fenti a ƙarƙashin farcena. Da tuni na kwanta, zancen yarinyar nan ta kujerar baya ne ya hana ni.

Yau 'yan aji huɗu suka shiga mako na biyu a zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, launi kawai da layi da da'ira. Wancan makon Hilma af Klint muka yi, 'yar ƙasar Suwidin da ta fara irin wannan zane tun 1906. Girman aikinta ne ya fi ɗaure musu kai. Manyan zanenta guda goma na 1907 kowanne tsayinsa ya haura mita uku, sai da muka auna da igiya a bango suka ga ya wuce saman allo nesa ba kusa ba. Da na ce musu ta bar wasiyya kada a nuna aikin sai bayan shekara 20 da mutuwarta, wani ya ce shi ko bushewa ba ya bari zanensa ya yi kafin ya kai wa mamarsa.

Yau kuma Alma Thomas. Ina ƙaunar matar nan har raina. Malamar makaranta ce, shekara 35 tana koyar da zane a makaranta guda a birnin Washinton, sai da ta yi ritaya a 1960, tana dab da saba'in, sannan ta samu sukunin zama ta yi nata. A 1972 ta zama baƙar mace ta farko da gidan adana zane na Whitney a New York ya baje kolin aikinta ita kaɗai, tana da shekara 80. Na gaya wa yaran yadda take kallon wata bishiya ta tagar gidanta, haske yana ratsa ganye, daga nan ta samo ɗigo-ɗigon nan nata masu kama da jeren bulo, da farin fili a tsakaninsu. Aikin mai sauƙi ne: launi uku a kowane tebur, a ɗiga alama da fensir a tsakiyar takarda, a dangwala burushi sau ɗaya a ɗaga hannu, a bar ɗan fili, a sake dangwalawa, har a zagayo. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar burushi a cikin gwangwanin ruwa. Daɗi ya kama ni sosai.

Kafin mu fara, da hannuna na rubuta doka a allo: ba a tambayar mai zane "mene ne wannan?", sai dai a ce "ba ni labarin zanenki". Har sai da na sa suka maimaita sau biyu.

Ina zagayawa na iso wurin yarinyar nan ta kujerar baya. Ita ba ta magana, ko kiran suna ake yi da ƙyar ake jin amsarta. Ta yi da'ira bakwai na shuɗi, ta fara da mai duhu a tsakiya tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har na waje ya kusa zama fari. Ban koya musu haka ba. Sai ta zagaye su da ja guda ɗaya, amma ba ta rufe shi ba, ta bar gibi kamar faɗin yatsa uku a gefen hagu. Da gangan ta bari, na ga ta ɗaga hannu ta tsallake wurin. Na tsaya ina kallo, abin ya shige ni, kawai sai na ji bakina ya ce, "Ke, mene ne wannan kika zana?"

Ta dubi allo. Ta dube ni. Ta ce, "Ba komai, Malama."

Na ce, "A'a 'yata, ya yi kyau fa, ina nufin..." Sai aka kifar da gwangwanin ruwa a teburin gaba, ihu ya tashi, na ruga neman tsumma. Minti biyar bai wuce ba. Da na dawo ta samo baƙin fenti daga wani tebur, ta zana gida a tsakiyar shuɗin nan: bango huɗu, rufi mai tsini, ƙofa, taga ɗaya. Irin gidan da duk suke kwafa daga allo tun suna aji ɗaya. Ta miƙo min takardar da hannu biyu ta ce, "Malama, gida ne." Fuskarta a sake, kamar wadda ta sauke kaya.

Wannan sakin fuskar ne ya tsaya min a rai. A wurin yaran nan, idan malami ya tsaya a kanka ya yi tambaya, to ka yi kuskure ne, kuma akwai amsar da ake jira. Mu muka koya musu haka, shekara huɗu ana ba su maki a kan wanda kofinsa ya fi kama da kofi. Ni mamaki ne ya sa na tambaya, ita kuwa gyara ta ji. Ta nemo amsa mafi aminci da ta sani ta ɗora a kan abu mafi kyau da aka yi a ajin yau. Kuma ban tambaye ta labarin gibin ba. Shi nake son sani.

Lokacin tara na nuna wa malamar lissafi. Ta daɗe tana dubawa ta ce, "To ai gidan ma nata ne, Malama. Wa ya ce miki ba can da'irar take nufa ba?" Na so in yarda. Da ban ga yadda yarinyar ta dubi allon ba, da na yarda.

Hedimasta ya sa hannu a takardar neman fenti, jan ya kusa ƙarewa. Auta ya yi barci bai gama aikin gida ba.

Mako mai zuwa Helen Frankenthaler ce, wadda a 1952 ta shimfiɗa yadin zane a ƙasa ta riƙa zuba fenti mai ruwa-ruwa yana jiƙa shi. Sai na tara tsofaffin jaridu saboda daɓen ajin. Amma gobe da safe, kafin a buga ƙararrawa, zan ajiye wa yarinyar sabuwar takarda da shuɗi da ja a kan teburinta, in koma bakin allo in yi ta gogewa har ta gama.