Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Igiyar da Ta Hana Ni Barci

A makon jiya na tsaya ne inda na sauka a tashar Damagaram, hutuna na farko bayan shekara biyu ina karatun kimiyyar haɗa magunguna a Faransa. Washegari bayan la'asar na tarar da Baba a zaurenmu na Birni yana tufkar igiyar kaba, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafarsa, yana murzawa a tafin hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Wannan ramar fa? Abinci ne babu ko aikin ne?"

Na ce, "Baba, igiya ce ta hana ni barci."

Ya ɗago kai. Dole na yi bayani.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai injin niƙa shara, sunansa proteasome. Galibi ba ya taɓa furotin sai an buga masa tambarin wani ɗan ƙaramin furotin mai suna ubiquitin, masu buga tambarin kuwa su ne ake kira E3, irin su cereblon da VHL. A 2001 Craig Crews da Raymond Deshaies da abokan aikinsu a Amurka suka fito da dabarar PROTAC: sinadari mai kai biyu, kai ɗaya ya riƙe furotin da ke jawo cuta, ɗayan ya riƙe E3, a buga wa mugun tambari a kai shi niƙa. Abin da ke haɗa kawunan biyu shi ne aikina, wata 'yar sarƙa mai lanƙwasa. Galibi da PEG ake yin ta, gaɓoɓi masu maimaita kabon biyu da oksijin ɗaya, ko kuma da zallar kabon. PEG na taimaka wa maganin ya narke a ruwa, amma in ta yi tsawo sai ya yi nauyi ya kasa ratsa fatar ƙwayar. Ta kabon tana ratsawa, narkewa ce ke yi mata wuya.

Wata takwas ina haɗawa. Mai gaɓa biyu, mai huɗu, mai shida. Duk ranar da na wanke takardar gwaji, baƙin layin furotin ɗin yana nan daram, alamar ba a niƙa shi ba. Na sha yin kuka a hanyar komawa ɗaki.

Baba bai daina murza ba. Ya ce, "In za a tatsi saniya, ɗan maraƙi a ƙafar uwar ake ɗaure shi. In igiyar ta matse, ta yi harbi. In ka yi masa talala, ya je ya sha nonon. So ake ya jingina da ita, ta ji ɗuminsa ta saki. Kai ka duba dabbobin naka kuwa, ko igiyar kawai kake aunawa?"

Gabana ya faɗi. Na tuna aikin Alessio Ciulli na Jami'ar Dundee da ke Scotland a 2017, inda suka nuna siffar wani PROTAC mai suna MZ1: sarƙarsa mai gaɓa uku ta naɗe kanta, har furotin ɗin da E3 suka manne wa juna. Na karanta wannan takarda ya fi a ƙirga, amma ban taɓa zama na duba ta ina nawa biyun za su iya jingina ba.

A daren na hau soro inda waya ke kamawa, na rubuta wa malamata cewa ina son mu sauya wurin da muke ɗaura sarƙar tun kafin mu sake taɓa tsawonta. Ina cikin rubutu Inna ta ƙwala kira, wai famfo ya kawo ruwa, a sauko da jarkoki.

Amsar da malamata ta aiko mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.